Shekarar da Na Tafi Neman Mashaya

Na ji labarai iri-iri a bakin mutane kan yadda babanku ya bar giya, kuma na san ku ma kun ji. Wasu na cewa saniyata na saida na kai wa wani malami a Keita ya yi mishi rubutu. Wasu na cewa taɓarya na ɗauka na tsaya ƙofar ɗaki na ce ko ni ko kwalba. Wannan na biyun ya fi mini daɗin ji, amma ba a yi shi ba. Tunda kun girma, kowa da gidansa, na ga ya kamata ku ji yadda abin ya kasance daga bakin wadda ta taka hanyar da ƙafarta. Na shawarci babanku kafin in fara. Ya ce in faɗi kome kada in rage, sai dai in tuna in ce a zamanin nan ba wani direba a Galma da ya kai shi kyau. To, na faɗa.

Sa'ad da anka kawo ni gidan ga, babanku babbar mota yake ja, yana ɗaukar albasa daga nan zuwa Kwatano da Abijan. Alio Sufer ake ce mishi. In ya dawo daga tafiya, zauren nan cika yake yi, don mutum ne mai ban dariya, yana kwaikwayon maganar jandarmomin hanya har tsofaffi su riƙe ciki. A kan wannan doguwar hanya ya gamu da giya. Da fari goro yake ci ya rufe warin. Daga baya goro ya kasa. Ran da ya kwantar da mota cikin rami da lodin mutane, Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma mai mota ya karɓe makullinsa. Tun daga nan sai ya tashi da safe ya ce za shi Madawa neman aiki, ya dawo da yamma yana auna faɗin hanya. Bai taɓa ɗaga mini hannu ba, bai taɓa zagin ɗayanku ba. Shiru kawai ya yi. Mutumin da ke sa gari dariya ya koma yana bin bayan katanga don kada ya gamu da kowa. Ni kuma na riƙe gidan da saƙar tabarma, ina kaiwa kasuwar Madawa.

Kowa a gida da tasa fassarar. Kakarku Inna Gambo, uwar babanku, cewa take sammu ne anka yi mishi don an ga shina da farin jini. Yayana Malam Sani, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, in ya zo ba ya ko zama.

“Habsu, kwashe yaranki ki dawo gida,” yake cewa. “Bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne.”

An yi addu'a, an sha rubutu, kuma ban raina ko ɗaya ba, don na tabbata suna cikin abin da ya buɗe mana hanya. Babanku ya yi rantsuwa gaban liman cewa ya bari har abada. Da ya koma, sai kunyar karya rantsuwar ta ƙara tura shi ciki.

A shekarar da nake ba ku labari, wajen ƙarshen rani, ya kwanta ciwo. Hannunsa na rawa, ko ƙwaryar fura ba ya iya riƙewa. Na kai shi likita, wato asibiti, a Madawa. Majo ɗin, wato babbar mai jinyar da ta duba shi, mace ce, ba ta da yawan magana. Da ta gama da shi, ta ja ni gefe.

“Rawar jikin za mu yi maganinta,” ta ce. “Kuma kada ki bari ya yanke sha rana guda shi kaɗai a gida, akwai hatsari, a nan za mu lura da shi har jikin ya natsu. Amma in ya fita, abin da ke mai da shi can ba ni da allurarsa.”

Na ce, “To wa ke da ita?”

“Na ji akwai wasu maza a garin nan, duk tsofaffin mashaya ne, suna taruwa suna riƙe juna. Na ga biyu daga cikinsu, da nan suke kwana, yanzu sun daina zuwa mini. Inda suke zama ne ban sani ba. Ba su son a sani.”

Na koma gida da maganar nan a zuciyata. A ce mashaya su taru su yi maganin sha, abin ya yi mini kamar a ce kuraye su yi tsaron awaki. Amma ba ni da wata ƙofa. Ran kasuwa na ɗaure tabarmina, na bar babanku kwance a likita da Inna Gambo, na ce wa raina matambayi ba ya ɓata.

Ashe matambayi ba ya ɓata, amma yana shan kallo. Na fara da mai saida kaba, wanda munka saba. Na rage murya na ce, “Malam, ko ka san inda mashaya ke taruwa a garin nan?” Ya dube ni daga ɗankwali har takalmi, ya ce shi kaba yake saidawa. Na tambayi wata mai ƙosai, ta kama haɓa ta ce, “Baiwar Allah, da girmanki?” A tasha wani ɗan kabu-kabu ya ce ya sani sarai, in hau. Na hau da sauran tabarmina a ka. Ya ratsa da ni lungu-lungu har bayan gari, ya tsaya ƙofar wani gida mai labulen roba, ya ce ga su nan ciki. Kafin in buɗe baki ya juya babur ɗinsa. Warin da ya buge ni na san shi, shi nake wankewa a rigunan babanku. Gidan giya ya kawo ni.

Ina tsaye ina salati sai mai gidan ta fito, wata mace kakkaura da ake ce wa Madam. Ta dubi tabarmin, ta dube ni.

“In mijinki kike nema, faɗi sunansa in duba miki.”

“Mijina na likita,” na ce. “Ba masu sha nake nema ba. Waɗanda sunka bari nake nema.”

Ta fashe da dariya har tana dafa bango. Da ta gama ta share ido da bakin zane.

“Duk garin nan ba wanda ya san su kamar ni, tunda ni sunka gudu sunka bari. Tsohon sojan nan, Gado, shi ya fara, ya dinga janye mini mutane ɗaya-ɗaya. Ki bi hanyar Buza, bayan masu gyaran taya akwai gidan kafinta mai bishiyar dogonyaro. Ran kasuwa bayan la'asar suke zama, yau ke nan.” Har na juya ta ƙara da cewa, “Matar Alio ce ke, ko? Ki kai shi. Ni ma na gaji da ganinsa haka. Da shi ke ba mu dariya.”

Ta sayi tabarma ɗaya kafin in tafi. Na daɗe ina tunanin matar nan, har yau ban gama ba.

Na sami gidan. Na yi sallama daga ƙofa, anka amsa. A ƙarƙashin bishiya, tsakanin katakai, maza ne zaune kan benci da tabarmi, buta na kan gawayi. Na zaci zan tarar da mutane masu sunkuyar da kai. Dariya na tarar. Wani na ba da labarin yadda ya taɓa yi wa jaki sallama har da tambayar iyali. Da sunka gan ni sai kowa ya kama kansa. Wani dattijo dogo, mai furfura, yana ɗingishi, ya taso ya same ni a ƙofa. Shi ne Baba Gado, mutumin Tabotaki, ya yi soja ya gama ya zauna Madawa. Na faɗa mishi abin da ya kawo ni. Ya saurara har na ƙare, bai katse ni ba.

“Ɗiyata, mu ba malamai ba ne, ba likitoci ba ne,” ya ce. “Ramin da mijinki ke ciki, kowa a nan ya kwana cikinsa. Ba mu yi wa mutum wa'azi, ya sha wa'azi ya ƙoshi. Ba mu sa shi rantsuwa. Abin da muke tambaya kawai, yau fa? In ya ce yau bai sha ba, mu gode Allah. In ya ce ya sha, mu matsa mishi wuri ya zauna. Kuma abin da anka faɗa ƙarƙashin iccen nan, nan yake kwana.”

“Baba, in ya ƙi zuwa fa?”

“Zai ƙi. Duk mun ƙi. Ke ba ki iya ɗauko shi, mu ma ba mu ɗauko shi. Wane ne mijin naki?”

Da na ce direba ne daga Galma, sai wani daga cikin mazan ya miƙe tsaye da kofin shayi a hannu.

“Alio? Alio Sufer? Ni ne Iliya. Tare munka yi hanyar Kwatano. Ni na fara miƙa mishi kwalba.”

Bayan an sallami babanku ya dawo gida, na faɗa mishi inda na je. Ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya ce na tona mishi asiri a kasuwa, ya juya mini baya. Ban ƙara tada maganar ba. Ana nan wata safiya sai ga ƙarar babur a ƙofa, Iliya ne. Bai ce kome game da giya ba. Ya shiga zaure ya zauna, ya ce shi fura ya zo sha. Ina daga ciki ina dama musu, na ji suna tuna wani ɗan kwastan da ya taɓa kwance musu lodi duka don neman abin da babu. Can sai na ji wata murya da na manta da ita. Babanku ne ke kwaikwayon mutumin, da maganar hanci da kome. Ludayi ya tsaya a hannuna. Inna Gambo ta leƙo daga ɗakinta, ta ce, “Wa nike ji haka?” Na ce ɗanki ne. Ta koma ciki, na ji tana kuka tana hamdala.

Iliya ya yi ta zuwa. Ran nan da zai tafi, babanku ya raka shi ƙofa, ya tsaya yana shafa sirdin babur.

“Kai yaya ka yi ka bari?” ya ce.

“Ban bari ba tukuna,” in ji Iliya. “Yau dai ban sha ba. Hau mu je ka ga waɗanda sunka fi mu lalacewa.”

Ya hau. Da ya dawo da yamma na tsaya kusa da shi kamar mai karɓar takalmi, don in shaƙa. Warin shayi da gawayi na ji. Ya gane abin da nake yi, ya hura mini iska a fuska, munka yi dariya mu biyu kamar yara.

Kada ku zaci daga nan hanya ta miƙe. Ya faɗi sau ɗaya a farkon damina, ran da ya je wajen tsohon maigidansa neman a mai da mishi mota anka ƙi ko ganinsa. Ya kwana waje, ya dawo ya shige ɗaki ya ce ba shi da fuskar da zai kai wa mutanen nan. Kashegari sai ga su sun zo su uku, har da Baba Gado da ƙafarsa mai ciwo. Sunka zauna a zaure sunka ɗora buta, ba su kira shi ba. Da ya gaji da jin muryarsu ya fito. Baba Gado ya matsa ya ba shi wuri, ya ce, “Ni sau nawa na faɗi, ban ƙirga ba. Karɓi shayi.”

Da ruwa ya zauna sosai, ƙorama ta dinga yanke hanya, zuwa Madawa kowane mako ya yi wuya. Ga noma, don babanku ya koma gonar mahaifinsa da ya daɗe da bari. Lokacin kuma wasu mutum biyu a nan Galma sun fara raɓo shi a ɓoye suna tambaya. Baba Gado ya ce ya kamata Galma ta sami nata zama. Sai dai ina? Ba wanda zai ba da ƙofar gidansa. Babanku bai roƙe ni ba, ya san abin da zai jawo. Ni na kwana ina juya abin, na san ran da mazan nan sunka fara shiga zaurenmu a fili, sunan gidan ya canza ke nan. Na kuma tuna yadda na sha yawo kafin in same su, na ce a raina wata matar kada ta sha irin wannan. Da safe na share zauren, na ɗauko sababbin tabarmi cikin waɗanda na saƙa don kasuwa, na shimfiɗa.

Abin da na ji tsoro ya faru. Gidan mashaya anka koma kiran gidanmu. Matan da ke zuwa saƙa tsakar gidana sunka ɗauke ƙafa, in ban da Hajo maƙwabciyata, wadda ta ce ita inuwar gidan ta saba da ita. Ke Rabi, kin tuna ran da kinka dawo daga lakwal, makarantar boko, kina kuka don an ce miki ɗiyar mai gidan giya. Ban manta ba, kuma na san ku ma kun biya naku rabon ba tare da an shawarce ku ba. Wanda ya fi mini ciwo shi ne Yaya Sani. Ya zo ya tsaya daga waje, ya aika a kira ni.

“Na ce ki fito daga wuta, ke kuma kin kwaso ta kin kai ɗaki,” ya ce. “Muddin mutanen ga na shiga gidan nan, ni ba ni shiga.”

“Yaya, shayi suke sha.”

“Ko zamzam suke sha.”

Ya tafi. Sallah ta zo ta wuce, bai tako ba, na aika da tuwo anka maido. Na yi kuka a ɓoye, amma ban naɗe tabarmin ba.

Duk da haka, in kun tambaye ni, shekarar nan ita ce mafi daɗi a aurena. Ranar zama, tun azahar nake jin gidan ya ɗau rai. Ba na shiga, ba na saurare, don na san dokarsu, amma dariya ba ta san katanga ba. Mutum biyu sunka zama biyar, biyar sunka ƙaru. Wani mahauci da kowa ya yanke wa ƙauna ya koma rumfarsa. Wata mata da ta daina gaishe ni a rijiya ta shigo ran nan da rana tsaka, ta yi ta kewaye-kewaye da zancen kaba, daga ƙarshe ta ce, “Habsu, in mutum na son mijinsa ya zo, yaya ake yi?” Na ba ta wuri ta zauna. Daga baya mu ma matan munka fara namu zama a tsakar gida, muna saƙa muna faɗa wa juna abin da ba a faɗa wa kowa. Har daga Ibohamane wani makiyayi ya zo, ya kwana biyu yana kallon yadda ake yi, ya koma ya fara nasu can. Gero ya yi kyau a shekarar. Da anka yi girbi babanku ya shiga aikin albasa a fadama, hannun da ba ya riƙe ƙwarya ya koma dashe tun safe har rana ta take.

Wata ranar zama, bayan an kwashe amfanin gona, ina tsakar gida ina rina kaba sai Hajo ta shigo da sauri ta ce in leƙa waje. Na leƙa ta kafar ƙyaure. Yaya Sani ne tsaye da sandarsa, bayansa kuma Habibu, babban ɗansa, wanda ya dawo daga ci-rani a Libiya da Legas ba yadda ya tafi ba. Duk dangi mun san halin da yake ciki, ba dai mai faɗa. Yaya ya daɗe tsaye yana duban ƙasa. Babanku ne ya fito. Na san maganganun da Yaya ya faɗa a kansa sun kai kunnensa duka.

“Sannu da zuwa, Malam,” ya ce, ya durƙusa ya gaishe shi yadda ya saba.

“Alio,” in ji Yaya, muryarsa ƙasa-ƙasa. “Na yi iyakar abin da na sani. Ga shi nan.”

Babanku bai dubi Habibu da tausayi ba, bai kuma yi mishi faɗa ba. Ya kama hannunsa kamar wanda sunka rabu jiya, ya ce, “Zo ka ji labarin wanda ya gaida jaki.” Sunka shige zaure.

Yaya ya rage shi kaɗai a waje. Na buɗe ƙyauren na fito, na durƙusa.

“Yaya, zauren nasu ne, ba a shiga sai wanda abin ya shafa. Amma cikin gida naka ne.”

Ya yi gyaran murya, ya bi ni. Na shimfiɗa mishi tabarma a inuwa, na kawo ruwa. Ba mu ce wa juna kome ba game da abin da ya wuce, a lokacin ko bayansa. Ya sha ruwan, ya dubi ɗakuna, ya dubi rumbun da anka cika, ya tambayi ina yaran. Kunka fito ɗaya-ɗaya kuna gaishe shi, ya ɗora ƙaraminku Isuhu a cinya ya ce ya yi nauyi. Can daga zaure dariya ta tashi, a cikinta na tsinci muryar Habibu. Yaya ma ya ji. Ya sunkuyar da kai, ya share fuska da hannun riga.

“Habsu,” ya ce, “akwai sauran tuwo? Tun safe ban ci kome ba.”

Na tashi na ɗora tukunya.